Zafin Bazara Ya Kashe Mini Kaji Bakwai a Yini Guda, Ina Neman Shawara

Uwargida daga Agadas:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ba tare da na sa baki ba, amma abin da ya same ni ranar Larabar da ta wuce ya sa dole in yi magana. Ina zaune a Agadas, kuma shekara 9 ke nan ina kiwon kaji a bayan ɗakina. Kafin wannan rana ina da kaji 12 da zakaru 2. Da sassafe famfo ya ɗauke, sai na zuba musu ɗan ruwan da ya rage a robar da suke sha, na rufe su a akurki saboda shirwa da ta dame mu, na tafi dubiya da nufin in dawo kafin azahar. Ban samu dawowa ba sai bayan la'asar. Da na buɗe akurkin na tarar da bakwai a miƙe, ragowar kuwa sun buɗe baki suna haki, fukafukansu a sake. Ruwan robar bai ƙare ba, amma da na tsoma yatsa na ji shi kamar wanda aka ɗora a wuta. Akurkin na laka ne, sai dai bara na cire rufin zana na sa kwano, domin muzuru ya taɓa ɓarka zanar ya ɗauke mini 'yan tsaki.

A cikin waɗanda suka mutu har da wata wake-wake da ke kwanci a kan ƙwai 11. Ita jikar kazar da mahaifiyata ta ba ni ce lokacin da na tare, kuma mahaifiyar tawa yau shekararta 3 da rasuwa. Ɗiyata mai shekara 7 ta yi kuka har ta ƙi cin tuwon dare, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa, maigida kuwa ya ce abin kunya ne babba ta yi hawaye a kan kaza. Tambayoyina su ne: zafi ne ya kashe su ko annoba ce ta shigo, yaya zan tsare bakwai ɗin da suka rage, kuma shin wannan baƙin cikin da nake ji ya wuce hankali ne?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Damagaram:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar miki da alheri. Kafin in ce komai ina so ki amsa mini abu huɗu. A kwanakin da suka gabaci Laraba, kin ga wata kaza ta takure, ko tana kashi kore, ko wuyanta ya murɗe? Kin shigo da sabuwar kaza daga kasuwa a cikin makonni biyun nan? Waɗanda suka mutu manya ne masu ƙiba ko ƙanana? Kuma daga Laraba zuwa yau an sake samun wadda ta mutu?

Uwargida daga Agadas:
Malam, na gode. Lafiyarsu ƙalau har safiyar ranar, ban kuma sayi kaza ba tun kafin azumi. Biyar daga cikin waɗanda suka mutu jajayen kajin gidan gona ne masu yin ƙwai da na saya bara, sai babban zakaran, sai mai kwancin. Kajin Hausa 'yan ƙanana su ne suka tsira, kuma tun ranar babu wadda ta sake mutuwa, sai dai ƙwai ya ragu, wanda ake samu ma ɓawonsa ya yi laushi.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Damagaram:
To Hajiya, duk alamun da kika faɗa na zafi ne. Annoba ba ta ɗebe masu nauyi a yini ɗaya ta bar ƙanana, sannan ta tsaya cak. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kaza ba ta gumi ko kaɗan, ga shi kuma zafin jikinta na yau da kullum ya kai digiri 41, wato tazarar da ke tsakanin lafiyarta da halakarta 'yar kaɗan ce. Yanayin da ya fi mata daɗi bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba, da an haura 30 ta fara wahala, alhali a Agadas cikin watan Mayu ma'auni yana wuce 40 a inuwa kusan kullum. Hanyar da take fitar da zafi ita ce ta haki, da ɗaga fukafukai, da jinin da ke zagayawa ta zankonta da ƙafafunta. Idan iskar da ke kewaye da ita ta kai zafin jikinta, ɗaga fukafukan ba ya ƙara mata komai, hakin kaɗai ya rage, shi kuwa haki ruwan jiki yake ci. Kaza kuma tana ƙin ruwa mai zafi ko da ƙishirwa za ta kashe ta, shi ya sa kika tarar da ruwa a roba ga gawa a gefensa.

Kwanon da kika sa shi ne babban abin da ya canza tsakanin bana da shekarun baya. Zana tana numfashi, kwano kuwa yana ɗaukar rana ya sauke ta a kan abin da ke ƙarƙashinsa, musamman idan rufin gajere ne. Ita mai kwancin, ɗabi'arta ce ta kashe ta, domin kazar da ke kan ƙwai ba ta tashi sai sau ɗaya ko biyu a yini, za ta yi ta haƙuri a wurin har numfashinta ya yanke. Laushin ɓawon ƙwai shi ma daga hakin yake: yawan fitar da numfashi yana sauya yanayin jininta ta yadda sinadarin da ke ƙarfafa ɓawo ba ya samuwa yadda ya kamata, ga kuma rage cin abinci da take yi.

Dattijo daga Tawa:
Ɗiyata, Allah Ya ba ki haƙuri, amma zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Kaza ba dabbar wannan ƙasa ba ce. Na yi shekaru ina fatauci tsakanin Tawa da Agadas har Arlit, ban ga makiyayin da ya dogara da ita ba, Abzinawa da yawa ma tun asali ba su damu da cin namanta ko ƙwanta ba. Raƙumi da akuya su Allah Ya hore wa hamada. Wanda ya kawo jar kazar gidan gona Agadas ya kulle ta ƙarƙashin kwano, ai shi ya jawo wa kansa. Shawarata ki sayar da ragowar ki haɗa kuɗin ki sayi 'yar akuya. Batun kuka kuwa, ina bayan maigidanki. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, to abin da ƙarshensa tukunya ce, don me za a zauna ana yi masa zaman makoki? Mutane suna rasa 'ya'ya suna haƙuri.

Mai kiwon zabi daga Nguru:
Baba, da girmanka, amma ban yarda da rabin maganarka ba. Gaskiya ne asalin kaza daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya take, tsuntsuwar inuwa ce, amma kajinmu na gida sun yi ɗaruruwan shekaru a wannan rana har sun saba da ita, kuma shaida ita ce su ne suka tsira a akurkin Hajiya. Sannan akuya ba ta maye gurbin kaza a hannun mace. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi da dare, ko aka ce a kawo kuɗin littafi, ko baƙo ya sauka babu shiri, ba akuya ake kamawa ba, kaza ake kamawa. Ita ce asusun da mace ke buɗewa ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

'Yar'uwa, ga abin da nake yi a nan Nguru, inda bazararmu ma ba ta wasa. Na daina ba su ruwa a roba ko tasa. Kasko nake sa musu, in haƙa rami in binne shi zuwa wuya a cikin yashi mai laima a gindin darbejiya, wadda ku kuke kira dogon yaro, kuma kasko uku nake ajiyewa a wuri daban-daban domin manya sukan tare guda su hana ƙanana. Ruwan randa nake zubawa, in sauya da hantsi da azahar. Ƙadangaru ma sun gane wurin, albarkacin kaza suna shan ruwan kasko. Kafin rana ta take nakan yayyafa ruwan wanke-wanke marar sabulu a wani lungu, sai ki ga sun tona sun kwanta sun manna ƙirjinsu a ƙasa mai sanyi. Hatsi kuwa da sassafe nake ba su da kuma bayan la'asar, ba na ba su gero ko dawa da tsakar rana, domin narkar da abinci kansa zafi yake haifarwa a jiki.

Matashi daga Arlit:
Inna, Allah Ya mayar da alheri. Mu a nan ruwa ya fi hatsi tsada a wasu ranakun, saboda haka yayyafa shi a ƙasa ba kullum yake yiwuwa ba. Abin da ya taimake ni shi ne buhun algarara. Nakan jiƙa guda biyu in rataye su ta ɓangaren da iska ke shigowa, kuma da yake iskarmu busasshiya ce ƙwarai, tana ratsa buhun sai ta fito da sanyi, kamar dai yadda salka ke sanyaya ruwa. Kwanon kuma ba lallai ki cire shi ba tunda muzuru yana nan. Ki ɗaga shi sama ki bar tazara tsakaninsa da bango ki toshe da waya mai ƙananan idanu, sannan ki shimfiɗa kaba ko tsohuwar tabarma a bisansa ki danne da duwatsu. Wani abin da na lura da shi kuma, bangon laka yana shan rana yini guda ya riƙa sakinta da dare, don haka a bazara akurkin da aka toshe ruf yana iya kashe kaza ko bayan magariba. Ina da wasu masu sanƙon wuya, waɗanda yara ke yi wa dariya, amma ban taɓa rasa ko ɗaya a cikinsu saboda zafi ba.

Ina da tambaya ga Malam na Damagaram: wasu suna jefa kanwa ko gishirin Bilma a ruwan kaji lokacin zafi, wasu kuma kafso ja da rawaya. Akwai amfani?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Damagaram:
Masu sanƙon wuya dai ka yi dace, domin gashin jikinsu bai kai na sauran yawa ba, kuma an tabbatar sun fi jure zafi. Gishiri kuwa a yi hattara, kaza ba ta ɗaukar mai yawa, wanda aka zuba da ka yana iya sa ta zawo ko ya kashe ta. Gara a sayi garin bitamin da gishirin jiki na kaji a shagon magungunan dabbobi a bi ma'aunin da ke jikin takardar. Kafso ba ya maganin zafi, ba ya kuma maganin annobar da ake ba da shi dominta. Idan aka tarar da kaza ta galabaita, a kai ta inuwa a tsoma ƙafafunta da cikinta a ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a jiƙa ƙarƙashin fukafukai, kada a ɗura mata ruwa da ƙarfi domin yana iya bi ta hanyar numfashi.

Tunda an tabo annoba, Hajiya, ki sani wadda ta fi share kajin gida a ƙasashenmu ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920. Ta fi tashi da hunturu, kuma yawanci sabuwar kazar kasuwa ce ke shigo da ita, shi ya sa ake ware baƙuwa mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Ba ta da magani sai rigakafi. Akwai wanda ake kira I-2, da aka samar a Ostareliya musamman domin kajin karkara, ana ɗiga shi digo ɗaya a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana cikin masu yin sa. Ana cewa yana jure zafi, amma ba irin zafin aljihun mai babur a Agadas ba, sai an naɗe kwalbar da tsumma mai laima an sa a kwando. Kada a yi wa kazar da ta riga ta kamu, kada kuma a yi shi da tsakar rana a irin wannan lokaci da suke a wahale.

Abu na ƙarshe, me kika yi da gawarwakin? A wannan karon zafi ne, amma ka'ida ita ce a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, kada a jefa a juji. Waɗanda suka ga abin da murar tsuntsaye ta yi a Magariya a 2006, bayan an tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a watan Fabrairun shekarar, sun san dalili. Idan kaji suka riƙa faɗuwa gida-gida a unguwa, a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada a fige, kada yara su taɓa.

Uwargida daga Agadas:
Mun binne su a bayan gari, ni da ɗana, tun daren. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da na buɗe akurkin zakaran yana da sauran motsi, maƙwabciyata ta ce in kira a yanka shi kada a yi asara biyu, ni kuwa na tsaya ina zuba masa ruwa ina fatan zai tashi, har ya cika a hannuna. Tun ranar take ce mini na yi wauta.

Malamar Islamiyya daga Katsina:
'Yar'uwa, Allah Ya sanya haƙuri. Da an yanka shi yana da rai da ya halatta, tunda ba cuta ce ta kama shi ba, amma ba ki yi laifi ba don kin zaɓi ki yi ƙoƙarin ceto shi, kuma da ya mutu kin yi daidai da kika binne, domin mushe haramun ne. Ni maganar Baba na Tawa ce ta tsaya mini. Baba, ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik cewa yana da ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. A ruwayar Abu Dawud, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya gan shi bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, sai ya riƙa tambayarsa cikin lallashi me ɗan tsuntsun nan ya yi. Idan har an kula da zuciyar yaro a kan ɗan tsuntsun da ba ya ƙwai ba ya nama, ban ga dalilin da za a kunyata yarinya mai shekara 7 da uwarta ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da fushi da hukuncin Allah, hawaye kuwa rahama ce. Kuma ku duba da kyau, wannan baiwar Allah ba jajayen biyar ɗin take ambata ba, wake-waken take ambata, wadda ta fito daga hannun mahaifiyarta. Duk wanda ya taɓa riƙe wani abu na mamaci, ko da tsohon kwano ne, ya san abin da ake ji ranar da ya fashe.

Dattijo daga Tawa:
Malama, hadisi ba a ja da shi, na kuma karɓi gyara a kan yarinyar. Ban lura da batun mahaifiyar ba sai da kika nuna, Allah Ya jiƙanta. Ɗiyata, ki yafe mini kaifin harshe. Amma a kan jajayen kajin nan ina nan a kan bakana. An ƙirƙire su ne domin gidan gona mai fanka da ruwa a bututu, suna ci da yawa, jikinsu na aiki ba hutu, kuma ko Malam na Damagaram ya ce masu nauyi ne ke fara faɗuwa. Duk wanda zai yi kiwo daga Tanut zuwa arewa ya tsaya ga 'yan ƙananan da kakanninmu suka bari, ko tattabaru, waɗanda ke tashi su nemi inuwarsu da kansu.

Mai kiwon zabi daga Nguru:
A nan kam mun haɗu, Baba, sai dai zan ƙara cewa ko kazar Hausa aka kulle ƙarƙashin kwano tun hantsi har la'asar ba za ta kai labari ba. Da a sake suke, da sun bi inuwar katanga suna juyawa da ita. Shirwa 'yan tsaki take ɗauka, ba ta iya ɗaga babbar kaza, saboda haka 'yar'uwa, ki riƙa kife ƙananan da kwando a inuwa ki bar manyan su yi yawonsu. Game da ɗiyarki kuma, lokacin da annoba ta share mini kaji wata shekara da sanyi, abin da ya kwantar da hankalin ɗana shi ne na ba shi tsako guda na ce nasa ne, shi zai riƙa zuba masa ruwa. Ban ce masa ya manta da waɗancan ba, shi da kansa ya daina tambaya. Ƙwai 11 ɗin nan fa, ina suke?

Uwargida daga Agadas:
Na gode muku duka, Baba kuma babu komai, wallahi maganarka ta jajayen kaji ta shige ni. Ƙwan suna nan. A daren da abin ya faru maƙwabciyar tawa, duk da faɗan da take yi mini, ta kwashe su ta sa wa wata kazarta da ta fara kwanci a ƙarƙashin rumfar kaba. A lissafina wake-waken ta yi kwana 8 a kansu. Malam, akwai sauran fata, ko dai zafin da ya kashe uwar ya dafa su?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Damagaram:
Ba zan yi miki alkawari ba, Hajiya, domin ƙwai yana son zafi wajen digiri 37 zuwa 38 ne, idan ya daɗe sama da 40 abin da ke ciki yakan mutu. Sai dai waɗanda ke ƙasa, manne da turɓaya, suna iya tsira. Ki bari sai dare, ki shiga ɗaki mai duhu da tocila, ki dunƙule hannu a bakinta ki ɗora ƙwan ta ɓangaren da ya fi faɗi. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da wani duhu da ke motsi. Wanda kika ga zobe ja kewaye da shi babu jijiyoyi, ko kika ji yana kaɗawa kamar ruwa, ki cire shi kada ya fashe ya ɓata sauran. Ki yi da sauri ki mayar kada su huce. Kaza kwana 21 take yi, ki ci gaba da lissafi daga inda uwar ta tsaya. Idan kazar maƙwabciyar tana da nata ƙwan da aka sa daga baya, ku yi wa naki alama da gawayi, domin naki za su riga ƙyanƙyashewa, ita kuma tana iya tashi da su ta bar nata.

Uwargida daga Agadas:
Jama'a, na dawo da labari. Jiya da dare mun haska su ni da ɗiyata, ita ce ma ta riƙe tocilar. Takwas sun lalace, mun binne su. Uku suna da jijiyoyi, kuma a ɗaya mun ga abin yana motsi da idonmu, har yarinyar ta kusa sakin fitilar. Maƙwabciyata ta kwashe nata ƙwan ta mayar wa wata kazar domin wannan ta zauna da ukun kaɗai. Maigida ya ɗaga kwanon da bulo biyu ya shimfiɗa kaba a kai, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Kasko biyu na samu a kasuwa, na uku sai mai tukwane ta gasa. Idan lissafina daidai ne saura kwana 6. 'Yar'uwa ta Nguru, kaskon da na saya yana da zurfi, yaya kike yi da 'yan tsaki kada su faɗa ciki, tsakuwa kike zubawa ko wani murfin kike nema musu daban?